Ruwan kwatar garinmu duk rafi yake shiga, ya ake tace shi a ƙaramin gari?

Dan_Fadama:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar ruwa ku taimaka min da shawara, abin nan ya daɗe yana damuna.

Garinmu ƙaramin gari ne, hedkwatar ƙaramar hukuma dai, a ƙiyasina ba za mu wuce mutum 20,000 ba. Akwai rafi ta gabas da gari, muna yara a ciki muke wanka muna kama tarwaɗa da ƙarfasa, mata na wanki, Fulani na shayar da shanu da yamma. To yanzu wlh in ka tsaya kan gadar da rani sai ka toshe hanci, ruwan ya koma baƙi ƙirin, kifi kuwa an manta rabon da a gan shi. Babban lambatun da aka yi mana lokacin da aka zuba kwalta shi ya kwaso ruwan duk unguwanni ya miƙe kai tsaye cikin rafin, ruwan wanka da wanke-wanke da omo da baƙin mai daga garejin makanikai, ga leda, ga mayanka tana gab da bakin ruwan kullum jini da kayan tumbi can suke gangarawa, kuma wasu gidajen sun haɗa bututun sokawe ɗinsu da lambatun a ɓoye. Masu yasar masai su ma in dare ya yi nan suke juyewa tunda ba wanda ya nuna musu wani wuri.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne akwai ƙauyuka biyu a ƙasa da mu, su daga rafin suke sha, da rani su tona rairayi su jira ya tsatso. Ƙanwata can take aure. Daminar bara 'yarta ta yi amai da gudawa, sai da aka ƙara mata ruwa leda bakwai, Allah ya yi da sauran kwana. Ni a raina na san ƙazantarmu ce muka aika musu.

Muna da ƙungiyar matasa ta ci gaban gari, mun yi magana da manya an ce mu rubuto abin da muke so a takarda. Sai wani ya ce mana ai sai an yi irin matatar ruwan kwatar nan ta Abuja kuma biliyoyi ne, kowa jikinsa ya yi sanyi. Tambayata, da gaske ba wata hanya sai wannan? Ƙananan garuruwa a wasu wurare ya suke yi?

Mai_Awon_Ruwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Ɗan'uwa abu na farko ka cire maganar matatar Abuja daga lissafi, ba taku ba ce. Waccan ta Wupa da aka buɗe a 2007 an tsara ta ne don mutum wajen 700,000, tana dogara da bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwaso ruwa daga gidaje, kuma injinan da ke hura wa ruwan iska dole su yi aiki dare da rana, in wuta ta ɗauke na tsawon lokaci bakteriyar da ke cinye dattin mutuwa suke yi. Kai ka san yanayin wutarmu ka san kuɗin gas. Ku dukiyarku biyu ce, zafin rana da fili, kuma akwai tsarin da su kaɗai yake buƙata.

Amma kafin nan, daga bayaninka matsala uku ce kuka haɗa a lambatu ɗaya: ruwan gidaje, kashin masai, da mayanka. Kowanne maganinsa daban, in aka gwama su ne aikin ke gagara.

Ruwan gidaje tukuna. Ana tona tafkuna a jere, uku ko huɗu, ruwa na fita daga wannan ya faɗa wancan da kansa saboda gangara, ba famfo ba janareta. A bakin shiga a sa ragar ƙarfe ta tare leda da robobi, sai ɗan wuri da yashi zai kwanta. Tafkin farko shi ne mai zurfi, mita 3 zuwa 4, ba iska a ƙasansa, dattin mai nauyi ya kwanta wasu bakteriya da ba sa son iska su ruɓar da shi, a irin zafinmu kwana biyu uku ya isa ya rage fiye da rabin ƙarfin dattin. Na biyu faɗi gare shi ba zurfi ba, kamar mita ɗaya da rabi, ruwa ya yi sati ɗaya zuwa biyu. A nan ne abin yake, gansakuka ce ke fitowa ta mai da ruwan kore, da rana tana fitar da iskar oksijin, bakteriya su yi amfani da iskar su cinye sauran dattin, abin da suka fitar kuma ya zama abincin gansakukar, haka suke ta ciyar da juna. Na uku da na huɗu kamar mita ɗaya, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta, hasken rana na ratsa ruwan, ƙwan tsutsar ciki kuma ya riga ya nutse ƙasa tun a baya. Gaba ɗaya ruwa ya yi kwana 20 zuwa 30 kafin ya ga rafi. In ka ga tafki na biyu kore shar to lafiya lau yake, in ya koma baƙi ko ja-ja yana wari to an yi masa lodi fiye da ƙima.

Bari mu yi lissafin kai. A ce kowane mutum na zubar da lita 40 a rana, ku 20,000, lita 800,000 ke nan. A riƙe shi kwana 25 a zurfin mita ɗaya da rabi, ruwan kaɗai zai ci kusan hekta ɗaya da rabi, in ka haɗa da ganuwar tafkunan da hanyar mota ka nemi hekta 2 zuwa 3, kuma ka bar wurin ƙari don gari girma yake yi. Wannan misali ne kawai, sai an auna ainihin abin da ke bin lambatun da rani. Ka ga wannan magana ce ta hakimi da masu gonaki da katafila, ba ta biliyoyi ba.

Kuma kar wani ya ce maka dabarar talakawa ce. Akwai wani gari a jihar Kalifoniya ta Amurka sunansa Arcata, yawansu bai kai naku ba ma, an so a haɗa su da wata babbar matata mai tsada suka ƙi, suka haɗa tafkuna da fadamar da suka shuka da hannu, aka kammala a 1986, har wurin ya zama matattarar tsuntsaye mutane na zuwa shan iska. Nairobi ma da girmanta da tafkuna take tace mafi yawan ruwan da bututunta ke kwasowa, a Dandora.

Abubuwan da ke kashe irin wannan aikin su zan fi ja maka kunne a kai. A daɓe ƙasan tafki da yumɓu sosai ko a shimfiɗa leda mai kauri, in ba haka ba ruwan zai tsiyaye ya sami rijiyoyi. A yi shi nesa da gidaje, ɗaruruwan mitoci, a duba inda iska ta fi kaɗawa. Kar a bar ciyawa ta fito a gefen ruwa, nan sauro ke ƙyanƙyasa, in gefen a share yake ba ya samun wurin zama. A kewaye da waya saboda yara da dabbobi. Sannan tunda lambatunku shi ke ɗaukar ruwan sama, dole a yi ɗan shinge a ciki yadda ruwan rani zai karkata zuwa tafki, in an yi ruwa mai ƙarfi kuma ambaliyar ta haura ta wuce, in ba haka ba ruwan Agusta ɗaya zai wanke muku komai.

Kashin masai kada ya shiga lambatu sam. A ware fili a yi masa gadajen shanya, wato kwali-kwali na siminti ƙasa tsakuwa sama yashi, a juye a kai, ruwan ya tsane ya bi bututu zuwa tafkin farko, sauran ya bushe cikin sati biyu uku, a kwashe a tara shi ya yi watanni kafin a kai gona don ƙwan macijin ciki yana da taurin rai. Mayanka kuwa ita ce mafi sauƙi kuma ita ce mafi ƙarfin datti, jini a tare shi a bokiti a dafa a shanya, masu kaji da kifi na saye, kayan tumbi a kwashe a busasshe a yi taki ko a zuba a ramin bayogas, wato ramin da ƙazanta ke ruɓewa ta ba da gas na girki. In ni ne da mayanka zan fara gobe, ba sai an jira kowa ba.

Manomin_Lambu:

Injiniya Allah ya saka da alheri, bayani ya fita. Amma akwai waɗanda ba ku sa a lissafi ba kuma su ne za su fara fasa muku bututu, wato mu 'yan lambu.

Ni a Kano nake, gadon gidanmu noman rani a gefen rafin Jakara, latas, kabeji, alayyafo, karas. Ruwan da kuke kira ƙazanta mu shi ne jarinmu, ba ya ƙafewa ko a watan Afrilu, kuma da takinsa yake zuwa, a wannan tsadar buhun taki wa zai ƙi? Ina da tabbacin a bakin rafinku ma akwai masu injin ban ruwa da suka dogara da shi. In kuka karkatar da ruwan ba ku zauna da su ba to kun taɓa tuwon gidansu.

Ba wai ba mu san illarsa ba ne. Ƙafafuna da hannuna ƙaiƙayi ba ya barinsu, yarana kusan duk wata uku sai an ba su maganin tsutsa. Kuma mu namu ya fi naku muni don akwai rafin Getsi da ke kwaso ruwan masana'antun Bompai ya haɗe da Jakara, wata rana ka ga ruwan ja wata rana shuɗi, duk ya tafi dam ɗin Wasai inda ake kamun kifi. Ta kudu kuma ruwan majemun Sharaɗa da Challawa na shiga kogin Challawa. Waɗanda ke ƙasa da inda Getsi ta shigo shukarsu har ƙonewa take yi wani lokaci.

Shawarata Dan_Fadama, tun a takardar da za ku rubuta ku sa cewa ruwan da ya fito daga tafkin ƙarshe 'yan lambu za a fara ba, a yanka musu filaye a ƙasan wurin. Ka ga sun sami ruwa mai tsafta da sauran takinsa, rafi ya huta da rani gaba ɗaya, kuma kun sami masu gadi kyauta don ba wanda zai bari a lalata abin da yake ci a ciki. Injiniya tambayata, irin namu na Kano tafkunan za su iya masa?

Mai_Awon_Ruwa:

Malam gaskiya ba za su iya ba. Tafki yana maganin abin da ke ruɓewa da abin da ke mutuwa ne. Sinadarin kiromiyam da ake jima da shi ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta a laka ko ya shiga ƙasar gona, gishiri da kanwar masana'anta ma wucewa suke yi abinsu. An ga haka a Wagadugu ta Burkina Faso, an yi tafkuna a Kossodo aka ba masu lambu ruwan, amma da yake ruwan masana'antu na shiga ciki sai ƙasar filayen ta yi ta lalacewa tana taurin kanwa. Irin wannan dole a tare shi a cikin masana'antar kafin ya fito, aikin hukumomi irin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha ke nan. Shi ya sa su Dan_Fadama suke da sa'a, nasu kusan duk na gida ne, sai dai su hana zuba baƙin mai, kuma in akwai marina a duba ta. Maganarka ta ba 'yan lambu ruwan kuwa daidai ce ɗari bisa ɗari, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayarwa shi ne kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita, kuma tafkuna in an ba su kwanakinsu suna cika wannan.

Maman_Ilham:

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a karkara, shekara 14, kuma ina roƙonka ƙanena kar ku jira tafki kafin ku taimaki ƙauyukan nan biyu. Ko yau aka amince, aikin zai ci shekara ko fiye, damina kuma ba ta jira. Wanda ya yi aiki a 2021 ba zai manta ba, sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma jihohinmu na arewa irin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su abin ya fi yi wa ɓarna. Mun kwantar da mutane a ƙasa a kan tabarma, ledar ruwa a rataye jikin bishiya. Abin da ƙauyukan ke buƙata yanzu-yanzu burtsatse ne ko rijiya mai murfi nesa da rafin, da maganin kulorin na sa wa ruwa, da gishiri da sukari a kowane gida. Ku je ofishin RUWASSA, wato hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara, na jiharku da takarda daban a kan wannan.

Na biyu, ku leƙa cikin gidajenku ma. Sau nawa nake shiga gida in ga masai nan rijiya nan, taku biyar tsakani. Ƙa'ida mita 30 ce, kuma ƙasan ramin ya fi saman ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. Ku nemi duba-gari su zaga da ku.

Na uku kuma shi ne wanda ba a son faɗa. An yi ta kamfen a gina banɗaki, tun dokar shugaban ƙasa ta 2019, har Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, abu ne mai kyau wlh. Amma rami cika yake yi. In ya cika aka kwashe aka juye a rafi, to an tara bahayan shekara biyar ne aka zuba lokaci ɗaya. Masu yasar nan mutane ne masu iyali, muna kiransu da daddare muna ƙyamarsu da rana. Ku kira su zama, ku ba su wurin juyewa da ba shi da nisa sosai, a sama musu takalmin roba da safar hannu, su da kansu za su gaya muku gida nawa suke yashewa a wata.

Ku shigar da limamai. Kowa ya san an hana bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke zama, kuma tun muna makarantar allo aka koya mana ruwan da najasa ta canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba a tsarki da shi. Huɗuba ɗaya ta fi fosta ɗari. Sannan in an yi tafkunan a hana yara iyo a ciki, kun san tsargiya.

Bahaɗeje:

Ƙarin bayani kaɗan tunda na ga an ambaci fadamar da ake shukawa. In wani ya zo ya ce ku dasa kachalla a ƙarshen tafkunan don tana tace ruwa, eh tana tacewa, amma ku tambaye mu mutanen Haɗeja da Nguru. Tunda dam ɗin Tiga da na Challawa suka canza tafiyar ruwa ciyawar nan ta toshe mana hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su, ga janbaki na kwana a ciki suna fitowa su cinye shinkafa, aikin gayya nawa muka yi da lauje cikin ruwa har wuya. Irinta iska ke ɗauka. In babu ita a yankinku kar ku kai ta. Jema ta fi, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai tana riƙe ganuwa, kuma a yanka a yi zana a sayar.

Sai maganar wa zai riƙa kula da wurin, don gini ba wuya, riƙo ne wuya. Aƙalla mutum biyu ne kullum, masu kwashe leda a raga da yanke ciyawa, kuma duk bayan 'yan shekaru a yashe tafkin farko. Ku sa kuɗinsu ya fito daga wurin, ɗan abu a kan kowace dabba da aka yanka, ɗan abu daga masu juye masai amma kar ya yi yawa su koma rafi, haya daga filayen lambu. A Kumasi ta Gana akwai inda suke kiwon tarwaɗa a tafkunan ƙarshe don kuɗin ya riƙe wurin.

Dan_Fadama:

Kai jama'a Allah ya biya ku, wlh na karanta ya fi sau uku, na kuma karanta wa 'yan ƙungiya jiya bayan isha'i. Manomin_Lambu ka yi gaskiya, mun ƙirga injin ban ruwa 23 a bakin rafin kuma ko ɗaya ba mu taɓa tunanin kiransu ba, ranar Juma'a za mu zauna da su. Yaya Maman_Ilham takardar burtsatse mun raba ta daban kamar yadda kika ce, mijin ƙanwata zai karɓo sa hannun dagatansu. Da safen nan na je wurin sarkin fawa, ya ce in dai akwai mai sayen jinin su ba su ƙi ba, matsalarsu ba su da daɓen siminti da za su tare shi, mun ce za mu duba kuɗin buhu nawa zai ci.

Injiniya saura tambaya ɗaya. Akwai wani tsohon kududdufi a ƙasan gari inda aka daɗe ana haƙar ƙasar gini, yana da girma kuma filin na gari ne ba rigima a kansa, lambatun ma ta kusa da shi ya wuce. Zai yiwu a gyara shi ya zama tafkin farko?

Mai_Awon_Ruwa:

Zai iya yiwuwa amma kar ku yi saurin murna da shi. Ka duba min abu uku, nisansa da gida mafi kusa da rijiya mafi kusa, ko rafin na haurowa ya shafe shi in ya cika, sannan ko yana riƙe ruwa har cikin rani ba tare da ana zuba masa ba, don in haka ne ƙila ya taɓo ruwan ƙasa kuma duk abin da kuka zuba rijiyoyinku zai tafi. Ku tona ramin gwaji na mita 2 a gefensa a tsakiyar damina ku ga inda ruwa zai tsaya, ka damƙo ƙasar ƙasan ramin ka jiƙa ka murza a tafin hannu, in ta yi igiya ba ta karye ba yumɓu ne. Ka turo min hoton da awon.